Saukar Kwandasta

Zuwa ga Tsinke,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan jiki yana ta sauƙi. Ya uwargida Malama da yara? Allah Ya ƙara afuwa, Ya sa kaffara ne.

Na zo asibiti washegarin aikin da aka yi maka, aka ce kana barci. Da na sake dawowa, Malama ta tare ni a baranda ta ce ba ka son ganin kowa, wayarka ma ka miƙa mata ta kashe saboda 'yan jarida. Ban ji haushi ba. Wanda aka yanka wa maƙogwaro ai ba ya bukatar mai surutu irina a kansa. Yanzu an kwaso mu an dawo da mu wajen ɗaukar shiri, tafiyar rabin yini daga inda kake, shi ya sa na ce bari in koma irin ta mutanen da. Direban kamfani da ke zuwa garinku ɗauko kaya shi zai riƙa kawo maka takardata. In ka ga dama ka ba shi amsa.

Wuri yana nan yadda ka bar shi. Tsohon siton nan da muka mayar tasha har yanzu rufinsa yana yoyo daidai kan kujerar Darakta, shi kuma ya rantse ba zai matsar da kujerar ba, sai dai a riƙe masa lema. Motarmu tana tsakiya a kan duwatsunta, samari suna jijjiga ta in an ce muna tafiya. Duk shekarun nan da muka yi muna yi wa mutane shirin Motar Ƙarshe a talabijin, ni direba mai rai, kai kwandastana da ya mutu a haɗari amma ya ƙi sauka, muna kwasar matattu muna kai kowa inda ransa ya maƙale, ban taɓa lura motar nan tana da faɗi haka ba sai da ka tafi. In na juya zan yi maka magana sai in ga ƙofa da ƙarfen da kake rataya.

Marubuciya ta yi mana dabara. A kashin da muke ɗauka yanzu kwandasta ya ɓace, direba yana ta nemansa tasha tasha. Fasinjan makon jiya wani tela ne da ya mutu bai ƙarasa ɗinka rigar 'yarsa ba. Wanda ya fito a telan ya yi ta zare ido yana nishi, har Darakta ya ce masa, "Malam, ka riga ka mutu, daina ƙoƙari." Da kana nan da ka shiga bayan kujera ka yi dariyar nan taka da ke ɓata mana ɗauka.

Shekaranjiya a kasuwa wata tsohuwa ta damƙe hannuna ta ce, "Direba, ina ka kai yaron nan? In ka yar da shi a hanya ban yafe ba." Na ce, "Iya, ai ya mutu tun kashi na farko." Ta ce, "To don ya mutu sai ka wulaƙanta shi?" Sai na saya mata albasa.

Kowa yana gaishe ka. Ka warke a hankali, babu gaggawa, komai yana jiranka.

Naka har kullum,
Ƙato

*

Ƙato,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarka. Muna lafiya, in ana kiran wannan lafiya.

An sallamo ni gida. Ina komawa asibiti ana gasa min wuya da na'ura. Muryar ta tafi, kuma ba za ta dawo ba. Likita bai ɓoye min ba, kai ma kada ka ɓata tawada kana min fatan dawowarta. Akwai rami a wuyana, ta nan nake numfashi. Malama ta kawo min ƙaramin allo irin na 'yan ajinta. Mutumin da ya ci abinci da bakinsa tun yana saurayi, yau in yana jin ƙishi sai ya rubuta "ruwa" ya ɗaga sama.

Mai Kwalliyar shirinmu ta zo duba ni. Ka san ta, bakinta rariya ne. Tana cikin ba Malama labari ta ce ta sha wahala wajen rage hular kwandasta, wai kan yaron ƙarami ne. Da ta ga ina kallonta sai ta koma yabon labulen ɗakin.

Ka cika takarda da yoyon rufi da tsohuwar kasuwa. Wa ke sanye da hulata?

Ka gaida iyali.

Tsinke

*

Tsinke, ɗan'uwana,

Salamu alaikum, da fatan ka tashi da sauƙi. Takardarka ta same ni ina cin abinci, na ture kwanon gefe.

Na so in bari ka ɗan yi ƙarfi kafin ka ji. Tunda ka tambaya, ga yadda aka yi. Manajan gidan talabijin ya zo da kansa ya tara mu a bayan motar. Ya ce masu kallo sun fara ƙorafi, ba za a ci gaba da shiri kwandasta yana ɓace ba, kuma ba wanda ya san ranar dawowarka. Ko dai a sallami kwandasta a kashi ɗaya a kawo wa direba sabon abokin tafiya, ko a rufe shirin gaba ɗaya.

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutumin nan ko zaren ɗinki ba a cire masa ba."

Ya ce, "Na sani, ni ma ina masa addu'a. Amma talabijin ba ta zaman jinya."

Na waiga na ga masu fitila da masu kyamara da matar da ke dafa mana abinci, duk sun zubo min ido. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, kuma ka san a gaban irin Manaja shiru e ne.

Sun samo wani saurayi siriri, ta baya kamar an tsaga kara da kai. Ƙeyarsa kawai za a nuna. Maganar kuma wani mai kwaikwayon muryoyi a rediyo zai ɗora daga baya. An kunna mana gwajinsa. Yana kama da kai kamar yadda hoton wuta yake kama da wuta.

Ga labarin kashin. Wata tsohuwa makauniya za ta shigo motar ta zauna bayan direba, ta ƙi faɗin inda za ta. Can sai kwandasta ya bayyana a bakin ƙofa, ya juya baya. Direba yana murna, sai tsohuwar ta ce masa, "Ɗana, yau ba ni ce fasinjarka ba." Ta gaya masa ba kwandasta ne ya ƙi sauka ba. Duk shekarun nan, in suka doshi kwanar gadar da aka yi haɗarin, direba taka mota yake yi ya wuce a guje, bai taɓa tsayawa a wurin ba. Matacce kuwa ba ya sauka sai mota ta tsaya. Saboda haka dole direba ya taka birki a kwanar nan, ya ja ƙarfen buɗe ƙofa da hannunsa. Kafin kwandasta ya sauka zai yi jawabi mai shafi guda, ya yafe wa direba, ya yi masa godiya.

Marubuciya tana karanta mana tana share hanci. Rubutun ya yi kyau, Tsinke, kuma kyan nan shi ya fi ba ni haushi.

Mun yi gwaji jiya. Saurayin yana da ladabi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce tun yana firamare yake kallonka. Ba shi da laifi. Amma da ya kama ƙarfenka ya rataya sai da na fita waje na sha iska.

Za a ɗauka nan ba da daɗewa ba. Ka zage ni in ka so, allon ya ishe ka.

Naka,
Ƙato

*

Ƙato,

Salam. Allon ya yi ƙanƙanta da zagin da ka cancanta, shi ya sa na ɗauko takarda.

Ba sallamar ce ta ƙona ni ba. Duk wanda ya hau mota ya san zai sauka. Abin da ya ƙona ni shi ne kai, da muka raba katifa ɗaya a bayan dandali lokacin da ba wanda ya san sunanmu, za ka zauna ka yi bankwana da ƙeyar wani kana kiran ta kwandastanka. Kuma mutane za su yi kuka, su ce ai ni ne.

Zan zo in yi da kaina. Ka gaya wa Marubuciya ta soke jawabin nan kaf. Tun asali ma kwandasta ba mai godiya ba ne, yaushe ya koyi shafi guda? Ta rubuta cewa matacce in lokacin saukarsa ya yi, muryarsa ce ke fara tafiya. Na ba ta wannan kyauta. Wuyan kuma zan naɗe shi da mayafi, ba wanda zai ga ramin.

Likita yana ba ni hutu tsakanin gashin wuya da na gaba. Ka sa Darakta ya saka ɗaukar a cikin hutun, ka zo da motarka ka ɗauke ni. Tafiya da dawowa yini guda ne.

Tun da nake da kai ban taɓa roƙonka komai ba in ban da aron takalmi ranar aurena, shi ma ya yi min yawa. Wannan ne na biyu.

Sai na ji daga gare ka.

Tsinke

*

Zuwa ga aminin maigidana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka tare da iyalinka, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira ka, domin gidan ƙarami ne, kuma tun da ya daina magana kunnensa ya ƙara kaifi.

Na ga takardar da ya rubuta maka kafin ya naɗe ta. Akwai abin da bai sa a ciki ba, alhali yana zaune lokacin da likita ya faɗa. Ciwon bai tsaya a maƙogwaro ba, ya sauka huhu. Gashin da ake yi masa yanzu na jinkirtawa ne, ba na warkarwa ba. Likita ya ce watanni ne, shi ma in an kiyaye. Ya hana shi ƙura da hayaƙi da doguwar tafiya, domin duk abin da ya shiga ramin nan huhu yake wucewa kai tsaye. Na taɓa zuwa siton nan naku. Na ga abin da ke tashi daga ƙasa in ana jijjiga motar, na ga injin da ke fesa hayaƙi in fatalwa za ta fito.

Ni na kasa hana shi. Da na gwada, kife allon ya yi ya juya min baya har dare. Maganarka kaɗai za ta tsayar da shi. Abin da nake roƙo shi ne ka rubuto masa ka ce an riga an ɗauki kashin, an gama. Zai yi fushi da kai, na sani. Gara ya yi fushin yana gida.

Ni malamar makaranta ce, ina hukunta yara a kan ƙarya, yau ga ni ina roƙon babban mutum ya yi ta. Ban ji daɗin hakan ba. Amma tun da na aure shi nake raba shi da kai da wasan kwaikwayo. Ranar da na haifi 'yarmu ta fari yana can tare da kai, sai da aka yanke cibi ya iso da hodar wasa a fuska. Ban taɓa kawo maka ƙorafi ba. Kun samu shekarun lafiyarsa. Ka bar min wannan ragowar.

Ina fatan wannan magana za ta tsaya tsakanina da kai. Allah Ya saka da alheri.

Matar amininka,
Malama

*

Tsinke,

Salamu alaikum, ya jiki?

Takardarka ta iso a makare. Manaja ya matsa, an ɗauki kashin tun shekaranjiya da saurayin nan, an kai wa masu tace hoto. Babu abin da ya rage. Ka yi haƙuri, ka zauna ka sha maganinka. In na samu sarari zan zo.

Ka gaida Malama.

Ƙato

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jinya. Kin wuce ni a barandar asibiti ba ki dube ni ba, na kira wayarki ba ki ɗauka ba. Kina da gaskiya. Amma ya kamata ki san yadda abin ya faru daga bakin wanda yake wurin.

Na rubuta masa ƙaryar kamar yadda kika ce. Ashe da direban kamfani ya miƙa masa takardar, ya karanta, sai ya ɗauki allo ya tambaye shi yaushe za a ɗauki sallamar kwandasta. Bawan Allah bai san komai ba, ya faɗa masa ranar. Da ranar ta zo, kina makaranta, direban ya biyo ɗaukar amsa ya tarar da shi a shirye a bakin ƙofa. Direban ya ce ya roƙe shi ya koma ciki, shi kuwa ya buɗe mota ya zauna.

Mu a nan tun safe mun ɗauki kashin da saurayin, mun maimaita har Darakta ya ce ya isa. Kin san da baƙin yadi muke rufe siton don ya zama dare. Bayan hutun rana muna shirin kwashe fitilu sai aka turo babbar ƙofa, haske ya shigo. Darakta ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya ga wanda ya shigo. Mijinki ne a tsaye da silifas na gida, mayafi a wuya, allo a hammata.

Ya tako har gabana ya ɗaga allon. Ya riga ya rubuta tun a hanya: "Ƙaryarka ta yi gajarta."

Na ce, "Tsinke, Malama za ta kashe ni."

Ya goge da hannun riga ya rubuta: "Sai ta gama da ni."

Na ja shi gefe na ce, "Na san maganar huhun. Don girman Allah ka koma." Ya goge allon. Sannan ya rubuta: "Shi ya sa."

A nan ne ya kamata in sungume shi in mayar da shi mota. Ƙarfin ina da shi. Ban yi ba, kuma ba zan ce miki wani ne ya hana ni ba. Abin da na yi kawai, na sa aka kashe injin hayaƙi, aka yayyafa ruwa a ƙasa, na ce kada a jijjiga motar. Marubuciya ta ɗora takardar a gwiwarta ta soke jawabin. Saurayin ya cire hular ya miƙa masa da hannu biyu. Mai Kwalliya ta zo da farar hodar da take shafa masa ya zama matacce, ta dube shi da kyau, sai ta rufe gwangwanin ta koma ba ta sa masa komai ba.

Aka fara. Tsohuwar da ta fito a makauniya ta yi maganarta. Na taka birki. Na ɗora hannu a kan ƙarfen buɗe ƙofa. Kalma biyu ce tawa, in ce, "Mun iso." Malama, shekarata nawa a aikin nan, ban taɓa manta magana ba, kuma wannan ma ban manta ba. Fita ce ta ƙi yi. Kyamara tana ta ɗauka, ni ina zaune kamar an dasa ni.

Sai ya saki ƙarfensa ya tako ta tsakanin kujeru, abin da ba ya cikin rubutu. Ya tsaya a kaina, ya gyara min wuyan riga yana harara ta kamar na zo aiki a hargitse. Ya ɗora hannunsa a kan nawa, muka ja ƙarfen tare. Ƙofa ta buɗe. Ya sauka, ya buga jikin motar sau biyu da tafin hannu, yadda yake yi kullum in yana nufin in ja mu tafi. Ya juya ya nufi baƙin yadin yana tafiyar nan tasa ta mai jin haushin duniya, har ya shige.

Darakta ya manta bai ce a tsaya ba. Ba wanda ya motsa sai da muka ji tari daga bayan yadin, irin wanda ban taɓa ji ba, kamar ana hura tsagaggen bututu. Na tarar da shi zaune a ƙasa kan wayoyin fitila, mayafin ya jiƙe da jini. Da na ɗauke shi sai na ji kamar rigarsa kawai na ɗauka. A bayan motar kaya muka kawo shi asibiti, kansa a kan cinyata. Ko sau ɗaya bai saki hannuna ba, kuma duk lokacin da na fara ba shi haƙuri sai ya matse yatsuna har in yi shiru.

Wannan shi ne abin da ya faru. Ban rage ba, ban ƙara ba. Ki ba ni izini in zo in zauna ko a baranda ne.

Mai neman afuwarki,
Ƙato

*

Zuwa ga aminin maigidana,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarka har ƙarshe.

Ka yi abin da na roƙe ka, na shaida wannan. Abin da ya biyo baya kuma ba ni da amsarsa yanzu. Ka ba ni labarin abin da ka gani. Ni abin da na gani shi ne na dawo daga makaranta da ledar lemo a hannu, na tarar da gado a gyare da magungunansa a kan tebur. Na bi maƙwabta gida gida, na leƙa har bayan katanga, ina tsammanin faɗuwa ya yi.

Huhun ya kamu da wata cutar a kan ta da. An sa masa robar iska, zazzaɓi yana zuwa yana tafiya. Watannin da likita ya ambata a baya, yanzu ya daina ambatarsu.

Kada ka zo tukuna. In na gan ka zan faɗi abin da ba zai gogu ba, kuma ba na so in faɗe shi a kan gadonsa.

Abu ɗaya ya sa na amsa maka. Duk lokacin da ya farka, allon yake nema, kuma kalma ɗaya yake rubutawa: "Yaushe?" Ma'aikatan jinyar nan duk masu kallon shirinku ne, su ma suna tambayata. Ka sanar da ni ranar da za a nuna, in samu abin faɗa masa.

Wassalam.

Malama

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ya mai jiki? Allah Ya kawo sauƙi. Na so a ce labari mai daɗi zan kawo miki.

Ranar Asabar mai zuwa za a nuna, da yamma kamar kullum. Amma ba nasa za a nuna ba.

Mai tace hoto ya haɗa duka biyun, na safe da na rana, aka kunna wa Manaja. Ina wurin, da Darakta da Marubuciya. Aka gama nasa. Manaja ya cire tabarau ya goge ido, na ce a raina shi ke nan. Sai ya ce, "Wannan ba fatalwa ba ce, mara lafiya ne. Mutane da 'ya'yansu suna cin abinci lokacin shirin nan." Ya ce kuma in aka gani za a ce gidan talabijin ya sa mai jinya aiki har ya faɗi, lauyoyinsu ba za su yarda ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da ƙafarsa ya zo. Abin da ya rage masa ya kawo ya zuba a nan."

Ya ce, "Shi ya sa ba zan nuna ba."

Darakta ya yi magana, Marubuciya ta yi, duk a banza. Na ce to a cire fuskata daga na safen. Ya ce fuskar da ke cikin kyamararsu tasu ce. Na cire rigar direba na ajiye masa a kan tebur na fito. Ban san ko hakan ya amfani kowa ba. Kashin yana hannunsu, kuma na ji an fara maganar wanda zai karɓi tuƙin.

Na bi mai tace hoto har gida ina roƙonsa ya kwafo min na mijinki, ko a waya ne, in kawo masa ya gani. An kulle abin a ofishin Manaja, kuma mutumin yana tsoron aikinsa. Ya ce in ba shi lokaci. Kullum ina ƙofarsa.

Don Allah ki nisanta shi da talabijin ranar Asabar. Ki ce masa an ɗage. Na san nauyin abin da nake ɗora miki.

Naki cikin girmamawa,
Ƙato

*

Ƙato,

Salam.

Na ce masa an ɗage. Na roƙi babbar ma'aikaciyar jinya kada a kunna, amma da yamma an canza masu aiki. Na sauka karɓo magani, layi ya riƙe ni. Da na dawo na tarar sun turo gadonsa gaban talabijin ɗin ɗakin, sun tada shi da matasai, marasa lafiya da masu jinya sun kewaye shi. Don su girmama shi suka yi. Ban iya kashewa a gaban mutane ba.

Da jawabin ya fara, wata daga cikinsu ta dafa shi ta ce, "Allah sarki Baba, ashe haka muryarka take da daɗi." Da aka gama suka yi masa tafi. Ya kalla har ƙarshe, bai kawar da kai ba.

Tun daga lokacin bai taɓa allon ba. Na sa masa alli a hannu, ya bar shi ya faɗi.

Likita ya ce duk mai son ganinsa ya zo yanzu. In ka samu abin nan, ka taho da shi. In ba ka samu ba, ka taho haka. Kada ka tsaya rubuta amsa.

Malama